Shin Ko Kun San? Yawon Keke a Bakin Kanal

Shin ko kun san a ƙasar Holan kekuna sun fi mutane yawa? Jama'ar ƙasar wajen miliyan 18 ne, kekunansu kuwa sun kai miliyan 23. Cikin kowace fita huɗu da ɗan Holan zai yi, ko aiki za shi ko makaranta ko cefane, ɗaya a kan keke ce. Hanyoyin da aka ware wa keke shi kaɗai sun kai kilomita 35,000, da yawansu an malala musu jar kwalta don direba ya san nan ba hurumin motarsa ba ne.

Ko kun san tudun da ya fi kowane tsawo a ƙasar, in aka cire tsibiranta na Karibiyan, mita 322 ne kacal? Sunansa Vaalserberg, yana can ƙuryar kudu inda Holan da Beljiyam da Jamus suka haɗa iyaka. Yawancin ƙasar shimfiɗe take kamar faifai. Kusan rubu'inta ma teku ya fi shi tudu, har akwai wani wuri kusa da Rotadam da yake kusan mita 7 ƙasa da fuskar teku. Shi ya sa dattijo ɗan shekara saba'in da jikarsa 'yar firamare suke iya yini guda a kan keke, babu wanda ya sauka ya tura.

Shin ko kun san hanyar da masu yawon keke suka fi so a can, wato ta bakin kanal, doki aka yi wa ita tun farko? Kanal dai kogi ne da mutum ya haƙa da hannunsa. Manoman rani na Kadawa da Kura sun san shi, kuma injiniyoyin Holan na kamfanin NEDECO suna cikin waɗanda suka tsara nasu a shekarun 1970. Sai dai na Kadawa ruwa yake kai wa gona, na Holan kuwa jirgi suke ɗauka. A shekarar 1632 aka buɗe wanda ya haɗa Amstadam da Haarlem, miƙe sak kamar an ja shi da zare. A kansa jirgin fasinja mai rumfa yake tafiya, wanda suke kira trekschuit. Ba shi da inji. Doki ne a bakin ruwa yake jan sa da doguwar igiya, da yaro a kan dokin. Yaron sunansa jager, 'yar hanyar da dokin ke bi kuma jaagpad, sunan da har yau za ku gani a allunan titi. Gudun jirgin bai wuce kilomita 7 a awa ba, amma yana tashi a kan lokaci, ba ruwansa da taɓon da ke cafke keken doki a damina. A tsakiyar tafiya fasinjoji kan sauka su taka 'yar tazara su shiga wani jirgin, kuma garin da ke wurin sunansa Halfweg, wato rabin hanya. A 1839 aka shimfiɗa layin dogo na farko a ƙasar a gefen wannan kanal ɗin. Fasinja suka koma jirgin ƙasa, dawakai suka ragu har suka ƙare, hanyarsu ta zauna tana jiran keke.

Ni a ganina nan ne daɗin abin yake. Kwantaccen ruwa ba ya hawa tudu, don haka hanyar gefensa ma ba ta hawa. Doki mai jan kaya ba ya iya shan kwana mai kaifi, don haka kwanoninta a sannu suke lanƙwasa. Mota ba ta cika ratsa ta ba, ɓata kuma da wuya, tunda muddin ruwan yana gefenku kuna kan hanya. Duk abin da aka yi don sauƙaƙa wa dabba mai wahala shekaru ɗaruruwa da suka wuce, yau ƙafar mai taka feda ce take cin moriyarsa.

Ko kun san har yanzu sawun igiyar yana nan? A Ingila, in kun tsaya ƙarƙashin tsohuwar gadar kanal kuka shafa kusurwarta, za ku ji zurfafan tsagogi a jikin dutse, wani wurin ma a jikin ƙarfen da aka kafa don kare dutsen. Jiƙaƙƙiyar igiya ce mai ɗauke da yashi ta yi ta gogar wurin shekara da shekaru. A Holan kuma, a wasu kwanoni, akwai turke mai juyawa da suke kira rolpaal, wanda igiyar ke bi ta jikinsa don kada jirgi ya daki gaɓa. Akwai ma wata irin gada a Ingila mai nannaɗe kamar maciji, an gina ta yadda doki zai tsallaka daga wannan gaɓa zuwa waccan ba tare da an kwance masa igiya ba. Dokin da a kan titi kayan tan ɗaya ko biyu zai ja, a kan ruwa yana jan kusan tan 30.

Shin ko kun san jirgi yana hawa tudu da matakala? Inda ƙasa ta ɗaga, sai a gina wa kanal wani ɗaki mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a saki ruwan sama ya cika ɗakin, jirgin ya taso a hankali har ya daidaita da ruwan gaba, sannan a buɗe masa ya wuce. In saukowa zai yi, a zubar da ruwan. Ba a ɗaga komai da ƙarfi, nauyin ruwan ne ke yin aikin. Ga mai keke, wannan ɗakin ruwan shi ne ɗan hawan da zai tarar, taku goma ko ashirin na feda ya gama. Kanal ɗin Bourgogne a Faransa yana da irin waɗannan ɗakuna 189 cikin kilomita 242. A Fonseranes kuwa, bakin garin Béziers, an jera su kai da kai, jirgi ya hau kusan mita 21 cikin tazarar mita 300.

Ko kun san a Holan mai keke yakan ɗaga kai ya ga jirgin ruwa yana wucewa a samansa? Wannan abu sai an fahimci yadda aka samo ƙasar. Da can yawancin yammacin Holan fadama ce da tafkuna. Sai a zagaye wuri da jinga, a haƙa kanal a bayan jingar, a kwashe ruwan ciki a zuba a kanal ɗin, ƙasa ta bushe a noma ta. Irin wannan fili shi ne polder. Matsalar ita ce ƙasar fadamar ruɓaɓɓen ciyayi ce da ya taru shekaru dubbai, da zarar ta bushe sai ta motse ta lotsa. Gona ta yi ƙasa, kanal ya tsaya inda yake, sai a ƙara wa jinga tsawo. Yau saniya tana kiwo a ƙasa, ruwa yana sama da ita, kuma kowane ɗigon ruwan sama da ya sauka a gonar sai an ɗaga shi an fitar.

Wannan ɗagawar ita ce aikin injinan iskar nan masu fukafukai huɗu da kuke gani a hotuna. Mutane da yawa suna zaton duk niƙa suke yi. A Kinderdijk, kusa da Rotadam, guda 19 ne a tsaye, yawancinsu an gina su tsakanin 1738 da 1740, kuma ruwa suke kwasa. Hanyar keke ta ratsa tsakaninsu a kan jinga, ruwa dama da hagu. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1997.

Tafkin Beemster da iska kawai aka ƙafar da shi, a 1612, aka yanka ƙasar murabba'i-murabba'i kamar gidan dara. Tafkin Haarlemmermeer kuwa ya fi ƙarfin iska, sai da aka kawo manyan injina masu aiki da tururi, aka gama a 1852. Filin jirgin saman Schiphol a gindin wannan tafki yake. Duk wanda ya taɓa sauka a can, to ya sauka fiye da mita 3 ƙasa da fuskar teku.

Kalmar polder ta iso har Tafkin Chadi. A yankin Bol ana datse bakin kwari tsakanin tuddan rairayi, ruwa ya janye, a shuka alkama da masara a danshin.

Shin ko kun san akwai wani turken ƙarfe a Ingila da yake nuna yadda ƙasa ke lotsawa? Gabashin Ingila yana da tasa shimfiɗaɗɗiyar fadamar, Fens, wadda wani injiniya ɗan Holan, Cornelius Vermuyden, ya jagoranci busar da ita a ƙarni na 17. A Holme, wajen 1850, aka kafa turke har kansa ya daidaita da ƙasa. Yau kusan mita 4 na jikinsa suna waje. Turken yana nan inda aka sa shi, ƙasar ce ta gudu ta bar shi. Mai keke a wannan yanki yakan hango babbar majami'ar garin Ely tun daga nesa ƙwarai, tsaye a kan ɗan tudunta, har mutanen wurin suna ce mata jirgin fadama.

Ko kun san a Holan ruwa yana da hukumarsa, da zaɓensa, da harajinsa? Hukumomin ruwa 21 ne a ƙasar yanzu, ana zaɓen wakilansu duk shekara huɗu. Ta yankin Rijnland tana da takardar izini tun 1255. Manoma ne suka fara haɗa kai, don jinga ba ta san gonar wane ba, in ta ɓalle a wurin malalaci har mai himma za ta ci. Waɗannan hukumomi suna da ma'aikata na musamman masu kama wata dabbar ruwa mai kama da gafiya, saboda ramukan da take haƙawa suna raunana jinga. Yawancin hanyoyin keke masu kyan kallo a kan irin waɗannan jingogi suke, don su ne kaɗai wurin da ya ɗan ɗaga har mutum ya hangi nesa.

Shin ko kun san akwai lardi guda da shekara ɗari da suka wuce kifi ne ke yawo a cikinsa? A 1932 aka kammala Afsluitdijk, jinga mai tsawon kilomita 32 da ta toshe bakin wani reshen teku, Zuiderzee. Ruwan gishirin ya koma na daɗi, aka sa masa suna IJsselmeer, daga baya aka busar da manyan yankuna a cikinsa, suka zama lardin Flevoland a 1986. Injiniyan da ya tsara aikin, Cornelis Lely, ya rasu a 1929 bai ga an rufe jingar ba, amma babban birnin lardin sunansa yake ɗauke da shi, Lelystad. Da ruwa ya janye, an tarar da ɓaraguzan jiragen ruwa ɗaruruwa a inda yanzu ake noman dankali. Akwai kuma Schokland, tsibirin da aka kwashe mutanensa a 1859 don teku yana cinye shi. Yau yana zaune a tsakiyar gonaki, da tsohuwar tashar jirginsa a busasshiyar ƙasa, ana zuwa masa a kan keke. Hanyar keken da ta zagaye wannan tsohon teku ta kai kimanin kilomita 440.

To, ƙasar da babu tudu ba wahala ke nan? Akwai, iska. Babu dutse babu daji da zai tare ta, daga teku take tasowa, galibi ta kudu maso yamma, ta daki ƙirjin mai keke. Tudu yana da ƙarshe kuma yana biya da gangara, iska kuwa tana iya yini a gaban mutum. Masu dabara kafin su tsara tafiya sai sun duba inda ta dosa, su sa ta a bayansu, ko su fita da safe suna fuskantarta da sauran ƙarfinsu don ta turo su gida da yamma.

Har gasa suke yi da ita. Tun 2013 ake tseren keke na tunkarar iska a kan Oosterscheldekering, tazarar kilomita 8.5, a kan keken gida marar giya, kuma ba a kiran gasar sai an ga guguwa ta taso sosai. Shi kansa wurin tseren katafaren shingen ƙofofi ne da aka buɗe a 1986, cikin ayyukan da aka yi bayan ambaliyar 1953 wadda ta kashe mutum 1,836 a ƙasar.

Shin ko kun san mutum yana iya tafiyar yini guda da 'yan lambobi a rubuce a bayan hannunsa? Wannan dabarar daga Beljiyam ta fito. A lardin Limburg na can, ramukan kwal sun yi ta rufewa har na ƙarshe, na Zolder, ya rufe a 1992, yankin ya shiga neman abin da zai riƙe shi. Wani injiniyan ma'adinai, Hugo Bollen, ya kawo shawarar a bar sa wa hanyoyi suna, a sa wa mahaɗarsu lamba. Kowace mahaɗa, knooppunt a bakinsu, tana da lambarta da taswira a tsaye, da ƙananan alluna masu nuna inda za a bi zuwa lambobin maƙwabta. Sai ku rubuta, misali, 12, 45, 46, 80, ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Kuka gaji, ku yanke ta wata lambar ku koma. An fara a 1995, yau ta game Holan da arewacin Beljiyam ta shiga Jamus. Ana yawan cewa daga ramin kwal ya kwaikwayo tsarin, amma shi abin da ya faɗa ya fi haka sauƙi: ya gaji ne da tsayawa duba taswira a kowace mahaɗa in sun fita yawo da matarsa. Abin da ya fi burge ni shi ne baƙon da bai iya ko gaisuwa da harshen ƙasar ba, lamba dai ya san ta.

A wannan lardin dai, a Bokrijk, mahaɗa ta 91, an buɗe wata hanya a 2016 da ta tsaga tsakiyar tafki. Tsawonta mita 212, faɗinta mita 3, an nutsar da ita yadda ruwan zai zo daidai idon mai keke ta kowane gefe. Agwagwa tana iyo kusa da kafaɗarsa, shi kuwa ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Ga wasu a gurguje.

Tsofaffin alamun hanyar keke a Holan gajeru ne, iya gwiwa, masu siffar laimar kwaɗi, don mai keke ƙasa yake kallo. Ƙungiyar ANWB ce ta fara kafa su a 1919, ita kuwa ƙungiyar mahaya keke ce tun kafuwarta a 1883, kafin ta zama ta masu mota.

A ƙauyuka akwai ƙananan jiragen fito da babu matuƙi. Ku hau da kekenku, ku juya wata ƙafar ƙarfe da hannu, sarƙa ta ja ku zuwa ɗaya gaɓar. Manyan jiragen fiton da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Amstadam kuwa kyauta ne ga mai keke da mai ƙafa.

Duk shekara ana tsamo kekuna 12,000 zuwa 15,000 daga kanal-kanal na Amstadam, da wani jirgi mai ƙugiyar ƙarfe.

A tashar jirgin ƙasa ta Utrecht akwai wurin ajiye keke mai hawa uku da yake ɗaukar 12,500. A birnin nan ne kuma aka cike wani sashe na tsohon kanal a shekarun 1970 aka yi titin mota a kai, daga baya aka fasa titin, aka sake haƙa kanal ɗin, ruwa ya dawo zagaye tsohon gari a 2020.

Shin ko kun san wasu kayan gidajenmu daga bakin waɗannan ruwaye suka samo asali? Atamfar Holan da ake sawa a lefe a garin Helmond ake buga ta, a masana'antar Vlisco da ta fara aiki a 1846, kusa da tsohon kanal ɗin Zuid-Willemsvaart. Kamfanin da ke yin madarar Peak mallakar ƙungiyar masu kiwon shanu ne, kuma sunan lardin Friesland yana cikin sunansa, lardin shanun nan masu dabbare-dabbaren baƙi da fari. Raleigh ma, keken da kakanninmu suka yi alfahari da shi, ɗan Nottingham ta Ingila, wani kamfanin Holan mai hedikwata a Friesland ya saye shi a 2012.

Friesland ɗin tana da tsofaffin birane 11 da ruwa ya haɗa. In sanyi ya tsananta har kanal ya daskare, ana tseren zamiya a kan ƙanƙara a zagaye su, kusan kilomita 200. Rabon da a yi shi tun 1997, don ƙanƙarar ba ta ƙara yin kaurin da ake bukata ba. Na keke kuwa, wanda aka fara a 1912, yana nan. Ranar Litinin ta bayan bikin Fentikos na Kiristoci mutum 15,000 suke tashi daga Bolsward tun da asuba, su yi kilomita 235, ana buga musu hatimi a kati a garuruwan da suka ratsa, kuma sai sun dawo kafin sha biyun dare. Ba a fitar da na ɗaya, kammalawa ita ce nasara.

Ko kun san ɗaya daga cikin hanyoyin keke mafi kyau a Beljiyam yaƙi ne ya haife ta? Kanal ɗin da ya tashi daga Bruges ya bi ta Damme zuwa Sluis, Napoleon ne ya sa a haƙa, don jiragensa su riƙa bi ta cikin ƙasa su kauce wa sojojin ruwan Ingila. Fursunonin yaƙi 'yan Sifen ne suka yi haƙan. Mulkinsa ya faɗi ba a gama ba. Yau dogayen bishiyoyi ne jere a gaɓoɓinsa, duk sun karkata gefe guda saboda iskar teku.

Shin ko kun san mai karɓar harajin gishiri ne ya haƙa kanal mafi suna a Faransa? Pierre-Paul Riquet ke nan, mutumin Béziers. An daɗe ana mafarkin haɗa Tekun Atilantika da Bahar Rum ta kudancin Faransa, don a huta da zagaye Sifen, amma tambaya ɗaya ta gagara: ina za a samo ruwan da zai cika kanal a wuri mafi tudu? Riquet ya bi ƙoramun Montagne Noire, wato baƙin dutse, ya tattara su a madatsar Saint-Ferréol, ya gangaro da su zuwa Naurouze, mita 189 sama da teku, inda ruwan ke rabuwa, wani ya yi gabas wani ya yi yamma. Sarki Louis na 14 ya ba da izini a 1666. Ma'aikata sun kai 12,000 a lokacin da aiki ya kankama, cikinsu har da mata da yawa, da diga da shebur da kwando. Riquet ya zuba dukiyarsa har ya ci bashi, ya rasu a 1680, saura 'yan watanni a buɗe. A 1681 jirgi ya bi Canal du Midi, kilomita 240 daga Toulouse zuwa gaɓar Bahar Rum. Sai a 1856 aka kammala ɗan'uwansa na Garonne da ya nufi wajen Bordeaux. Masu keke yanzu suna haɗa biyun su tashi daga wannan teku zuwa wancan. Ɓangaren Garonne kwalta ce sumul. Na Midi kuwa akwai wuraren da ƙasa ce da saiwoyi, taya mai kauri ake so, a kuma riƙe kayan faci.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin wannan kanal bishiyoyinsa ne. Kusan 42,000 ne na irin da Faransawa ke kira platane, manya masu faɗin ganye, suka yi wa ruwan rumfa, matafiyi ya yi tafiyar kwanaki a inuwa cikin zafin kudancin Faransa. A 2006 aka gano wata cuta a jikinsu, wani naman gwari da ke toshe jijiyar bishiya ya kashe ta cikin 'yan shekaru. Ana kyautata zaton a katakon akwatunan harsashi na sojojin Amurka ya shigo ƙasar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ruwa yana yaɗa shi, haka ma igiyar jirgi in an ɗaure ta a bishiya ta ji mata ciwo. Ba shi da magani, sai sarewa da ƙonawa. Fiye da rabinsu sun tafi. Ana dasa wasu, iri daban-daban a wannan karon don kada cuta guda ta sake share su gaba ɗaya, amma wanda ya bi wasu sassan yanzu hula da ruwan sha zai tanada, don 'yan dashen ba su kai yin inuwa ba tukuna.

Kada fa a ɗauka shimfiɗar ƙasa kaɗai ta ba Holan hanyoyinta. Ko kun san saura kaɗan mota ta kore keke a can ma? Bayan Yaƙin Duniya na Biyu arziki ya samu, motoci suka cika gari, aka rushe unguwanni ana faɗaɗa titi. A 1971 haɗarin hanya ya kashe mutum 3,300, fiye da 400 yara ne. Wani ɗan jarida da ya rasa ɗaya daga cikin 'ya'yansa a kan titi ya yi rubutu mai zafi, iyaye suka kafa ƙungiya da sunan kan rubutun, Stop de Kindermoord, ma'ana a daina kisan yara. Suka tare tituna, suka shimfiɗa tebur a tsakiyar kwalta, suka je wurin 'yan majalisa. Sai ga ƙarancin man fetur na 1973, gwamnati ta hana tuƙa mota ranar Lahadi na tsawon makonni, yara suka hau manyan tituna da kekunansu. Daga nan birane suka fara ware wa keke hanyarsa. Jar kwaltar nan da baƙo ke sha'awa, iyayen da suka binne 'ya'yansu ne suka nemo ta.

Shin ko kun san waɗannan hanyoyi sun haɗe har sun ratsa nahiyar? Tsarin EuroVelo yana da dogayen hanyoyi 17, jimillarsu ta haura kilomita 90,000. Ta 15 tana bin kogin Rhine daga Andermatt a duwatsun Suwizalan har inda ya faɗa teku a Hoek van Holland, ta 6 kuma daga gaɓar Atilantika a Faransa zuwa Bahar Aswad. Wanda ba ya son ɗaukar kaya yana iya shiga tsohon jirgin dakon kaya da aka mayar masauki: ya karya kumallo a ciki, ya yini a kan keke, da yamma ya tarar jirgin ya riga shi isa gari na gaba da gadonsa a gyare.

Wanda kuma ya fi son gidan mutane, akwai ƙungiyar Vrienden op de Fiets, wato abokai a kan keke, da aka kafa a Holan a 1984. Dubban magidanta ne suka ba da adireshinsu, suna saukar da matafiyi a ɗakin da ɗansu ya tashi ya bari, ko a saman bene, kan kuɗi kaɗan. Za a nuna masa inda zai jingine keke, a ba shi wurin shanya rigar da ruwa ya jiƙa, da safe a ajiye masa burodi da cuku da shayi. Sharaɗin shi ne ya zama ɗan ƙungiya, kuma ya iso da ƙarfin jikinsa, a kan keke, ko a ƙafa, ko yana tuƙa kwalekwale.